Shin tarar wanda ya fi ka girma ita ce ma'aunin gwarzon ɗan dambe?

"Malam, barka da aiki. Tun ranar da Terence Crawford ya haura aji biyu ya doke Canelo Álvarez muke ta gardama a majalisarmu. Wasunmu sun ce duk ɗan damben da bai taɓa barin ajinsa ya tari wanda ya fi shi girma da ƙarfi ba, bai cancanci shiga sahun gwaraza ba, ko da kuwa ba a taɓa doke shi ba. Da wannan hujjar ce suke fifita Manny Pacquiao a kan Floyd Mayweather. Wasu kuma sun ce nasara dai nasara ce, ko da wa aka kara. Shin daidai ne a auna tarihin ɗan dambe da yadda ya yarda ya kara da waɗanda suka fi shi?"

Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne ko yardar mutum ya shiga fage da wanda ya fi shi jiki da hatsari ita ce za ta yanke hukunci a kan matsayinsa bayan ya ajiye safar hannu. A ganina ma'auni ne na gaske, kuma mai muhimmanci, sai dai abokanka sun haɗa abubuwa biyu da ba kullum suke tafiya tare ba, wato girman jikin abokin karawa da girman hatsarin da yake ɗauke da shi. Abin da masana dambe suke girmamawa shi ne neman hatsari, shi kuwa nauyi alama ce kawai ta hatsarin, wadda wani lokaci takan faɗi gaskiya, wani lokaci kuma takan yaudari mai kallo.

Ban yi mamakin yadda wannan ra'ayi yake da farin jini a wurinmu ba, domin a damben gargajiya da muka tashi muka gani ba a hawa sikeli, da ido ake haɗa 'yan wasa, kuma yaron da ya nemi babba ya buge shi nan take sunansa yake fita. Damben zamani kuwa an gina shi ne a kan azuzuwan nauyi, don haka lissafinsa ya sha bamban.

Abin da kilo yake yi a cikin fage

A da azuzuwan nauyi 8 ne kacal a damben ƙwararru, yanzu kuwa sun kai 17, ga kuma manyan hukumomi huɗu masu ba da kambu, WBA da WBC da IBF da WBO. Ba don ado aka raba azuzuwan ba. Na daɗe ina horar da matasa masu damben sha'awa, kuma duk lokacin da na haɗa yaro da wanda ya fi shi kilo huɗu ko biyar a atisaye, abin da nake gani kusan iri ɗaya ne. A zagayen farko ƙaramin yakan burge, domin ya fi sauri kuma hannunsa yana shiga. A zagaye na biyu sai ya fara lura cewa naushin da yake girgiza tsararsa bai hana wannan matsowa ba. Kafin a gama na uku za ka ga hannayensa sun fara sauka, saboda dukan da ya tare da damtse shi ma yana cin ƙarfi, kuma duk sanda aka riƙe juna babban yana sakar masa nauyinsa a wuya da kafaɗa. Wannan fa a zagaye uku ke nan, da hular kariya da manyan safar hannu. Sai ka auna yadda abin zai kasance a zagaye 12, ko 15 kamar yadda ake yi kafin a rage su a shekarun 1980 bayan rasuwar ɗan damben Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, a 1982.

Saboda haka wanda ya haura aji ya yi nasara a kan gwanin ajin ya yi abin da ya wuce ƙa'ida, kuma tarihi bai manta da irinsu ba. Henry Armstrong a 1938 ya riƙe kambun azuzuwa uku a lokaci guda, na kilo 57 da na 61 da na 67, a zamanin da azuzuwan 8 ne kawai. Michael Spinks ya taso daga ajin kilo 79 ya doke Larry Holmes, zakaran ajin manya, wato ajin mafi nauyi, a 1985. Roberto Durán na ƙasar Panama, wanda asalinsa ɗan ajin kilo 61 ne, ya doke Sugar Ray Leonard a 1980, sannan yana da shekara 37 ya karɓe kambun ajin kilo 72 da rabi daga hannun Iran Barkley a 1989. A zamaninmu Oleksandr Usyk na Yukren ya haɗe kambunan ajin kilo 90 a 2018, ya haura ajin manya ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya kuma doke Tyson Fury sau biyu a Riyad a 2024, alhali a karawarsu ta farko Fury ya fi shi kusan kilo 18. A nan abokanka suna da gaskiya, babu mai hankalin da zai rage darajar waɗannan.

Darasin Dick Tiger

Misalin da na fi so in tsaya a kansa na gida ne. Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, an haife shi a Amaigbo a 1929, ya zama zakaran duniya na ajin kilo 72 da rabi a 1962 bayan ya doke Gene Fullmer, ya kuma sake doke shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a watan Agustan 1963. Da Emile Griffith ya karɓe kambunsa a 1966, mutane da yawa sun ɗauka ya gama, domin shekarunsa sun kai 36. Maimakon ya huta sai ya haura ajin kilo 79, kuma a Disambar wannan shekarar ya doke José Torres da maki ya zama zakaran duniya a aji na biyu, alhali shi gajere ne, tsayinsa bai wuce santimita 173 ba, bai ma cika nauyin ajin ba. Ya sake doke Torres a 1967 don kada a ce sa'a ce.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin. A Mayun 1968 ya yarda ya kare kambunsa da Bob Foster, mutum mai tsayin kusan santimita 191, wanda 'yan ajin suke kauce wa saboda ƙarfin hannunsa na hagu. A zagaye na huɗu Foster ya kai shi ƙasa aka ƙirga goma. Duk wanda ya dubi takardar tarihin Tiger kawai zai ga an rubuta masa shan kaye, amma wanda ya san dambe zai ga mutumin da ya bai wa mafi hatsarin 'yan zamaninsa dama, ya kuma dawo a watan Oktoban wannan shekarar ya doke Frankie DePaula a wasan da mujallar The Ring ta zaɓa a matsayin mafi kyau a 1968, sannan ya doke Nino Benvenuti a 1969, lokacin da Benvenuti yake riƙe da kambun duniya. Ni a wurina faɗuwar da ya yi a gaban Foster ba ta rage shi da komai ba, ta dai nuna mana iyakar da jikinsa zai iya kaiwa, kuma ɗan damben da muka ga iyakarsa ya fi sauƙin aunawa a kan wanda bai taɓa bari a gwada shi har can ba.

Shi kansa Foster ya gamu da irin wannan iyakar. A ajinsa babu mai iya tsayawa gabansa, amma da ya haura ajin manya Joe Frazier ya gama da shi a zagaye na biyu a 1970, Muhammad Ali kuma a zagaye na takwas a 1972. Haka Sugar Ray Robinson, wanda masana da yawa suke ɗauka shi ne gwanin gwanaye, ya nemi kambun kilo 79 a hannun Joey Maxim a 1952, yana kan gaba a maki, amma tsananin zafin daren da nauyin Maxim suka gajiyar da shi har ya kasa fitowa zagaye na 14. Babu wanda ya sauke Robinson ko Foster daga matsayinsu saboda haka.

Inda sikeli yake yaudara

Yanzu kuma ga inda na rabu da abokanka. Abu na farko da ya kamata a tambaya idan an ce wane ya haura aji shi ne, wa ya tarar a can? Da yake kambu huɗu ne a kowane aji, mutum yana iya zaɓar wanda ya fi rauni a cikin zakarun ya karɓi kambunsa, a rubuta cewa ya ci aji sabo. Roy Jones Jr ya yi abin yabo da ya doke John Ruiz a 2003 ya ɗauki kambun WBA na ajin manya, amma kowa ya san cewa a lokacin Lennox Lewis ne sarkin ajin, kuma Jones bai kusance shi ba. Spinks kuwa ainihin sarkin ya tara, wato Holmes, mutumin da ya yi wasa 48 ba a doke shi ba. Dukansu sun haura, amma hatsarin da suka ɗauka ba ɗaya ba ne.

Abu na biyu shi ne sharuɗɗan kwantiragi. Tun da aka koma yin awon nauyi kwana ɗaya kafin wasa, 'yan dambe sukan matse ruwan jikinsu su hau sikeli, sannan su sha su ci su shiga fage da ƙarin kilo biyar ko fiye. Ɗan damben da ya fi suna da kawo kuɗi yakan yi amfani da wannan, ya tilasta wa babban ya sauko zuwa wani nauyi na tsaka-tsaki, ko ya sa sharaɗin cewa ba zai wuce kaza ba a safiyar wasa. Wanda aka matse haka sunansa ne babba, amma ƙarfinsa ya tafi wurin rage nauyi. Akwai ma waɗanda haurawarsu ba komai ba ce illa daina wahalar da jiki, wato dama can a ajin sama ya kamata su kasance.

Abu na uku shi ne shekaru da lokaci. Doke babban mutum yana ganiyarsa daban yake da doke shi bayan ya sha duka ya gaji. Na huɗu kuwa, wanda ya fi damuna a matsayina na mai horarwa, shi ne cewa akwai haurawar da jarumta ce, akwai kuma wadda neman babban albashi ne a kan lafiyar mutum. A 2016 'yan Birtaniya biyu sun tsallake aji don karawa da manya. Amir Khan ya tari Canelo, aka yi masa mummunan bugu a zagaye na shida ya kwanta ba motsi. Kell Brook ya tari Gennady Golovkin, ƙashin da ke kewaye da idonsa ya karye, kocinsa ya jefa tawul a zagaye na biyar, kuma da ya koma ajinsa a 2017 Errol Spence ya karya masa ƙashin ɗaya idon. Ba na shakkar zuciyarsu, amma ban ga abin da waɗannan wasanni suka ƙara wa tarihinsu ba. Jones ma ya biya farashi, domin bayan ya sauke nauyin da ya ƙara ya koma kilo 79, Antonio Tarver ya buge shi a zagaye na biyu a 2004, Glen Johnson ya sake buge shi a wannan shekarar. Shi ya sa idan matashin da nake horarwa ya matsa sai an haɗa shi da wanda ya fi shi don ya nuna shi namiji ne, nakan ce masa ya fara gamawa da gwanayen ajinsa tukuna. Sau da yawa wanda yake gudu yana nan cikin tsararsa, babban kuma ya zaɓe shi ne don ya san ko an doke shi yana da uzuri.

Ga kuma hujjar da nake ganin ta rushe ra'ayin cewa girma shi ne komai. Wasan da ya fi ɗaukaka sunan Muhammad Ali shi ne wanda ya yi da George Foreman a Kinshasa a 1974, kuma bambancin nauyinsu bai kai kilo biyu ba. Abin da ya sa duniya ta ji tsoro shi ne Foreman yana da shekara 25, ba a taɓa doke shi ba, ya gama da Frazier da Ken Norton kowanne a zagaye biyu, su kuwa mutanen nan biyu sun taɓa doke Ali. Haka Azumah Nelson na Ghana ya karɓi gayyatar gaggawa a 1982, yana da wasa 13 kawai a hannu, ya tari Salvador Sánchez na Mekziko a ajinsu ɗaya, ya kai shi har zagaye na 15 kafin a tsayar da wasan. Wannan shan kayen ne ya sanar da duniya ko wane ne shi.

Waɗanda suka zauna a ajinsu, da waɗanda aka hana

Idan muka bi hukuncin abokanka sau da ƙafa, sai mun cire Marvin Hagler daga cikin gwaraza, domin bai taɓa barin ajin kilo 72 da rabi ba. Amma ya riƙe kambun daga 1980 zuwa 1987, ya kare shi sau 12, ya tari Durán da Thomas Hearns da John Mugabi na Yuganda, kuma babu wanda za a nuna a ajin a ce ya guje shi. Carlos Monzón na Ajantina ma haka, ya kare nasa sau 14. Tsayawa shekara da shekaru kana jiran duk wanda ya taso, kowa yana nazarinka yana neman lagonka, shi ma nau'in tarar hatsari ne. Su kuwa 'yan ajin manya ba su da ajin da za su haura, don haka ma'aunin ba zai yi aiki a kansu ba sam.

Sannan yarda ba a hannun ɗan dambe kaɗai take ba. Sam Langford, baƙar fata haifaffen Kanada, gajere ne amma ya yi dambe tun daga ajin kilo 61 har zuwa na manya, ya kara da Jack Johnson a 1906 duk da Johnson ya fi shi fiye da kilo 10. Da Johnson ya zama zakaran duniya a 1908 bai sake ba shi dama ba, kuma Langford ya gama rayuwarsa bai taɓa riƙe kambun duniya ba. A yau ma masu shirya wasa da gidajen talabijin da hukumomi suna iya hana karawar da 'yan damben biyu suke so. Wannan ita ce iyakar wannan ma'auni, domin mu masu kallo sakamakon ciniki muke gani, cinikin kansa a ɗaki ake yin sa, kuma kowane ɓangare yakan fito ya ce ɗayan ne ya gudu. Kwatanta zamani da zamani shi ma yana da nasa haɗarin, tunda karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma Rocky Marciano da ya yi mulkin ajin manya da nauyin kusan kilo 84 a yau ba zai ma shiga ajin ba.

Batun Pacquiao da Mayweather

Mu dawo kan mutanen da kuke gardama a kansu. Pacquiao ya fara damben ƙwararru a 1995 da nauyin kusan kilo 48, ya ci kambunsa na farko a ajin kilo 51 a 1998, ya bi azuzuwa har ya ci kambu a guda 8, abin da babu wanda ya taɓa yi. A 2010 ya shiga fage da Antonio Margarito wanda ya fi shi kusan kilo 8 a daren wasan, ya lallasa shi har ƙashin idonsa ya karye. Amma idan za mu yi adalci sai mu sa shi ma a sikelin da muka sa wasu. Oscar De La Hoya da ya doke a 2008 ya sauko ne zuwa nauyin da ya yi shekaru bai yi wasa a kai ba, ya shigo a galabaice, kuma wasanninsa da Miguel Cotto da Margarito duk a nauyin tsaka-tsaki aka yi su. Abin da ya fi ƙarfafa tarihinsa a wurina shi ne karawar da ya yi ta yi da Marco Antonio Barrera da Érik Morales da Juan Manuel Márquez, mutanen da girmansu ɗaya da shi, suna kan ƙarfinsu, ya kuma koma gaban Márquez har sau huɗu, wanda a na huɗun a 2012 aka yi masa bugun da ya kwanta rub da ciki.

Mayweather kuwa ba daidai ba ne a ce bai haura ba, domin ya ci kambu a azuzuwa biyar, daga kilo 59 zuwa 70, ya doke Diego Corrales a 2001 lokacin da ba a taɓa doke Corrales ba, ya bai wa José Luis Castillo karo na biyu nan take a 2002 bayan wasan farko ya jawo gardama, ya kuma doke De La Hoya a ajin De La Hoyan a 2007. Inda ake tuhumarsa shi ne rabin ƙarshe na rayuwarsa ta dambe. Márquez ne ya haura masa aji biyu a 2009, kuma duk da haka Mayweather ya wuce nauyin da aka amince a kai. Canelo yana da shekara 23 lokacin da suka kara a 2013, aka kuma sa shi ya sauko ƙasa da iyakar ajinsa. Karawarsa da Pacquiao, wadda aka fara maganarta tun 2009, sai a 2015 ta yiwu, kuma nasararsa ta 50 a kan Conor McGregor ce, mutumin da bai taɓa yin damben ƙwararru ba.

Hukuncina shi ne, a fagen gwaninta da iya kare kai Mayweather yana gaba, kuma ya doke Pacquiao ba tare da wata shakka ba a daren da suka haɗu. A fagen neman hatsari kuwa, wanda shi ne kuka tambaya, Pacquiao yana gaba, kuma idan an tilasta ni in zaɓi tarihin da ya fi cika, nasa zan ɗauka, duk da na san akwai masana da nake girmamawa da za su zaɓi ɗayan. Shi kuwa Crawford, nasararsa ta Satumban 2025 a Las Vegas ta tsallake yawancin tambayoyin nan, domin ya tari mai riƙe da duka kambuna huɗu na ajin kilo 76, a cikakken nauyin ajin, yana gab da cika shekara 38, bayan wasa ɗaya tak a ajin kilo 70. Abin da mai suka zai iya kawowa kawai shi ne Canelo ya wuce ganiyarsa, domin ya yi wasa sama da 60 kuma Dmitry Bivol ya riga ya doke shi a 2022, a lokacin da shi ma ya haura ajin kilo 79 ya tari wanda ya fi shi.